Katsina: Daga tsohuwar kwaleji zuwa ajin da aka rataye bulala

Duk wanda ya shiga birnin Dikko bai leƙa tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ba, ziyararsa da saura. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, yana nan tsaye tun da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe shi a 1922. A cikin waɗannan ɗakuna, masu sanyi ko da rana ta take, Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Abin da akan manta shi ne, aikin malanta aka koya musu, shekara biyar cur, kuma kowannensu sai da ya riƙe alli a makarantar midil kafin duniya ta san shi.

Sai dai ba tarihi ne ya kai ni Katsina ba. Wani abokina ne, jami'in da ke zagayen duba malaman firamare, ya matsa mini in bi shi taron da malaman wasu makarantu maƙwabtan juna kan yi ranar Asabar. Muka hau babur ɗinsa da sanyin safiya, muka bi hanyar Daura, sannan muka ratse cikin gonakin da aka riga aka girbe.

Babu otal, babu lasifika, babu jakar taro. Malamai wajen ashirin muka tarar zaune a kan bencin yara, gwiwoyinsu na gogar tebur. Wata matashiyar malama ce a gaban allo, sauran kuwa sun zama ɗalibanta. Ta rubuta harafin ɓ, ta furta sautinsa ita kaɗai, suka furta tare da ita, sannan ta bar su suka furta da kansu. Ta haɗa shi da wasali ya zama gaɓa, gaɓa ta zama kalma: ɓera, ɓawo. Da ta gama aka shiga gyara mata, cikin raha amma ba sani ba sabo: ta yi sauri, ta kuma manta da na bayan aji. Abokina ya ce wannan salo ya samu gindin zama ne ta hanyar shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar a Katsina da Zamfara da tallafin Birtaniya, don koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne mai furfura, da ya kusa ajiye aiki. Na ce, "Baba, ai ku ya kamata ku koyar a nan." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gemu ba ya hana ilimi." Ya ba ni labarin yadda ya shafe shekaru yana sa yara rera sunayen haruffa da Turanci, sannan ya rubuta kalmar Hausa a allo ya ce su karanta. Yaron da aka koya wa cewa sunan harafin nan "ei", ta yaya zai gane shi a cikin "baba"? Idan suka kasa, sai bulala. Laifin da ya daɗe yana ɗora wa kwanyar yara, ashe a hanyar koyarwarsa yake.

Ranar Litinin na koma ajinsa. Bulalar tana nan, amma a rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran yara da sunayensu, ya kuma dawo da 'yan mata daga lungun baya zuwa tsakiyar aji. Wata yarinya ta tashi, ta yi tuntuɓe a kan ƙ, ba wanda ya yi dariya, ta sake gwadawa har ta fitar da "ƙofa". Masana kan raba maganar iya karatu da ta kyautata yanayin makaranta kamar abubuwa biyu ne. A ajin nan ban ga inda suka rabu ba, domin yaron da ke tsoron duka ba ya buɗe baki, wanda bai buɗe baki ba kuwa ba zai haɗa sauti ba.

Na tuna 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. An yi ta muhawara a kan kora, amma kaɗan ne suka tambayi wa ya horar da su, kuma yaushe rabon da wani ya zauna a bayan ajinsu ya ga yadda suke koyarwa. Bitar kwana uku a babban birni, wadda akan cika da 'yan lele saboda alawus, ba ta amsa wannan tambaya.

Wa'adin tallafin ya ƙare. Littattafan da aka raba sun yage, yara huɗu ke haɗa kai a kan guda. A hanyarmu ta komawa abokina ya tsaya wajen mai bumburutu ya sayi galan ɗaya da kuɗin aljihunsa, ya ce makarantu biyu da ke can ƙurya sai dai su jira albashin wata mai zuwa.