Gadar da ta kawo mu Zonkwa

Jirgin ƙasa ne ya kawo kakana Zonkwa, Allah ya jiƙansa. A shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo ya ratsa Kafanchan zuwa Kaduna, fatake suka biyo shi suna sayen citta, har muka zama 'yan gari. Duk buhun da ya tafi, ta kan gadojin ƙarfen layin nan ya wuce.

Ran nan na je ta'aziyya ƙauye, na bi ta gefen wata ƙaramar gadar jirgi. Wallahi sai da na tsaya. An kwance notuna, an yanke ƙarfe, ciyawa ta cinye sauran. Ba aljanu suka yi ba, jama'a. Yaranmu ne, kuma mu 'yan kasuwa ne ke sa musu sikeli.

Na ji a Amurka akwai tsofaffin gadojin katako da aka yi wa rufi don kada ruwan sama ya ruɓar da su, mutanen gari na lallaɓa su har yau. Mu ma ai muna da misali. Gadar Lugga da aka gina a Zungeru a 1904, an ɗauko ta an kafa a Gamji, Kaduna, tun 1956 tana cikin kayan tarihin ƙasa.

Na faɗa a masallaci bayan Asuba, zan kuma maimaita: kayan jama'a amana ne, sayensa daga hannun ɓarawo haramun. Wani maƙwabcina mai gwangwan ya daina gaishe ni. Ba komai, gobe ma zan je shagonsa mu zauna.