Albashin da Aka Biya Bisa Kuskure: Nawa Ne Ma'aikaci Zai Mayar?

Albashi ba ya isa hannun mai shi a dunƙule. Kafin saƙon banki ya shigo wayar ma'aikaci, an riga an yanke haraji, an ware na fansho, an cire na asusun gidaje ga wanda yake ciki. Idan ofishin albashi ya yi kuskure ya biya mutum fiye da haƙƙinsa, rarar ma sai ta bi wannan hanya, a gutsure ta kafin ta isa gare shi. Wannan ne ya sa tambayar nawa zai mayar take da wuya fiye da yadda ake zato.

Na daɗe ina lissafin albashi a wata masana'anta da ke Challawa, inda akasarin ma'aikatanmu a Panshekara suke kwana, kuma abokan sana'ata na Sharaɗa da Bompai ba baƙin wannan matsala ba ne. Ƙarin girma ne ake shigarwa sau biyu, ko a biya wanda ya tafi hutun da ba na biya ba. Da an gano, sai takarda ta fito cewa za a cire kuɗin a wata mai zuwa. Ma'aikacin kuwa ba ya musu, domin ya san abin da ba nasa ba dole ya mayar. Abin da ba a faɗa masa shi ne daga ina za a cire.

Mu ɗauki mai albashin naira 200,000 a wata, wanda aka ƙara wa naira 60,000 a gundarin albashinsa bisa kuskure. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, wato 4,800. Asusun gidaje na ƙasa yana ɗaukar kashi 2.5, wato 1,500. Saura 53,700. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, miliyan 2.2 da ke biye kuma ana cire musu kashi 15. Mutuminmu a wannan mataki yake, don haka harajin rarar ya kama 8,055. Abin da ya shiga aljihunsa 45,645 ne.

Idan aka zo wata mai zuwa aka lissafa masa haraji da fansho a kan cikakken albashinsa, sannan aka zabtare 60,000 daga abin da ya rage, to an karɓi 14,355 da bai taɓa riƙewa ba. Daga ciki 6,300 suna nan da sunansa a asusun fansho da na gidaje, amma ba za su saya masa kwanon shinkafa a wannan wata ba. Sauran 8,055 kuwa haraji ne a kan kuɗin da bai samu ba. Shi ma kamfanin ya zuba nasa kashi 10 na fansho, naira 6,000, a kan albashin da ba a yi aikinsa ba.

Gyaran da ya dace shi ne a cire rarar daga jimillar albashi kafin a lissafa komai. Idan aka yi haka, harajin wannan wata da fanshonsa za su ragu daidai da abin da suka ƙaru a baya, ma'aikacin kuma ya mayar da 45,645 ɗin da ya karɓa kawai.

Lokaci shi ne ke dagula lamarin. Harajin albashi ana miƙa shi ga Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce, kuɗin fansho kuma cikin kwanaki 7 na aiki bayan biyan albashi. Kuskuren da aka gano cikin shekara guda yana gyaruwa a watannin da suka rage. Amma wanda aka yi a Disamba, aka gano a Fabrairu, ya tsallake ranar 31 ga Janairu da kamfanoni ke gabatar da bayanin harajin ma'aikatansu na shekarar da ta gabata. A nan sai an koma wa hukumar da takardu. Idan kuma ma'aikacin ya bar aiki, babu albashin gaba da za a daidaita lissafi a kansa.

Doka ba ta sakar wa mai kamfani mara ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya halatta cire rarar albashi, amma wadda aka biya cikin watanni 3 kafin watan da aka gano ta kaɗai, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta wuce sulusin albashi. Wannan kariya ta fi shafar leburori da ƙananan akawu. Manajoji da ƙwararru takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa idan an kasa sasantawa.

A ganina, wanda ya yi kuskuren shi ya kamata ya ɗauki wahalar bin hukumomi. Kamfani yana da akanta da fayil a ofishin haraji. Mai jima a Challawa ba shi da ko ɗaya. Duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, ya nemi a rubuta masa watan da aka yi kuskuren, da adadin da ya tafi haraji da fansho, da tabbacin cewa kafin haraji za a cire. Ya kuma ajiye takardun albashinsa na watannin biyu, ya gwama su layi-layi kafin ya sa hannu.