Kwalbar da na kai wa Inna

A Tudun Kaya babu wanda ya taɓa tambayata ko ni daktan mene ne. Tun ranar da labari ya iso gida cewa na kammala digirin digirgir sunana ya ɓace, Dakta ya maye gurbinsa, kuma a fahimtar mutanenmu dakta shi ne mai duba marar lafiya. Na sha yin bayani cewa fannina labarin ƙasa ne, sanina bai wuce ruwan sama da ƙasar noma da taswira ba, amma sai a yi murmushi a ce tawali'u ne, a kuma miƙo mini takardar asibiti ko ƙullin ƙwayoyi in duba. Da farko nakan ƙi. Daga baya, kuma a nan laifina yake, sai na fara jin daɗin abin. Ita kuwa Inna, da yake ni ne ɗan farinta ba ta kama sunana, wannan laƙabi ya zo mata daidai.

Mai karatu zai tuna shekarar 2020. Korona ta shigo, an rufe Kano a watan Afrilu, mu kuma malaman jami'a muna cikin yajin aikin da bai ƙare ba sai a Disamba. Babu aji, babu ɗalibai, sai waya a hannu dare da rana. A cikin saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, wanda ya fi shiga raina shi ne mai cewa bitamin D yana ƙarfafa garkuwar jiki, kuma tsofaffi su suka fi bukatarsa. Da Babbar Sallah ta gabato, na shiga wani kantin magani a birni na ce a ba ni mafi ƙarfi. Aka ba ni kwalba uku, kowace da ƙwaya 30, an rubuta IU 50,000 a jikinta, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin bitamin da shi. Mai kanti ya ce sau ɗaya ake sha a mako. Na kama hanyar Gwarzo zuwa Ƙaraye ina jin na yi abin kirki.

Na faɗa wa Inna ta riƙa shan ɗaya duk ranar Juma'a. Sau ɗaya na faɗa, a tsaye, ina gyara hula zan fita gaishe-gaishen Sallah. Inna ta haura saba'in, kuma maganin bature ɗaya ta sani, na hawan jini, wanda ake sha kullum bayan sallar asuba. Daga baya ta gaya mini cewa ta ji abin da na ce sarai, amma ta ɗauka kunnenta ne, domin a ganinta maganin da ake sha sati-sati wasa ne. Ta haɗa shi da na hawan jinin, kullum ɗaya.

Ana tsakiyar kaka ƙanena ya kira ni. "Yaya, Inna fa ba ta jin daɗi. Ruwa take ta sha kamar me, fitsari ba ya barin ta barci, abinci kuma ta ƙi shi." Ga tashin zuciya, ga taurin ciki, ga wata kasala da ta sa matar da ba ta taɓa yini a kwance ba ta kasa ɗaga tabarya. Duk gida an yanke cewa ciwon suga ne. Ni ma haka na ce, da muryar masana.

Likitan da ya duba ta a wani asibiti a Kano matashi ne, sa'an ɗalibaina. Da gwajin suga ya fito lafiya, sai ya ce a kawo masa duk abin da take sha. Aka zazzage leda a kan teburinsa. Ya ɗauki kwalbar, ya juya ta, ya tambayi Inna sau nawa take sha, sannan ya ce, "Hajiya, wa ya rubuta miki wannan?" Inna ta nuna ni da alfahari ta ce, "Dakta ne." Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, a wane asibiti kake aiki?" Na shekara goma sha ina tsayawa gaban ɗalibai ɗari uku, ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta, da na tsaya na karanta tun farko. Babban aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci, wanda da shi ake gina ƙashi da haƙori. Fatar mutum ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta kammala. Ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a 2011 ta ce IU 600 a rana sun ishi babba, wanda ya wuce shekara 70 kuma 800, kada a haura 4,000 sai da umarnin likita. Inna tana shan ninkin wannan iyaka sama da sau goma sha biyu, kullum, fiye da wata biyu. Kuma shi ba ya fita da fitsari kamar bitamin C. A kitsen jiki yake taruwa. Kalsiyam ya yi yawa a jininta, ƙoda ta shiga wahala. Ta yi kwanaki a gadon asibiti ana ƙara mata ruwa, ta kuma yi makonni kafin ta dawo daidai. Garin neman ƙiba na samo mata rama.

Da labarin ya tsaya a nan, da na riƙe kunyata a ciki ban rubuta ba. Abin da ya biyo baya ne ya sa na ga ya kamata a ji.

Matar ƙanena ce ta zo jinya, tare da ɗanta mai shekara uku. Wata safiya likitan yana zagaye sai ya tsaya yana kallon yadda yaron ke tafiya, yana rangaji, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka. Ya durƙusa ya taɓa wuyan hannunsa, ya ji ya yi kauri, ya shafa haƙarƙarinsa ya ji ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi. Mu a gida mun daɗe da ganin ƙafar. Wasu sun ce gado ne daga dangin uwa, wasu sun ce yawan goyo ne, kowa dai ya ce za ta miƙe da kanta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ƴar lanƙwasa a ƙafar yaron da bai kai shekara biyu ba abu ne da aka saba gani, kuma takan gyaru. Amma wannan ya wuce nan. Hoton ƙashi ya nuna ciwon laushin ƙashi ne na yara, mai kawo bakan ƙafa ko gwame.

Ni da ban gama jin kunyar farko ba, sai na sake tsoma baki, na ce ashe wannan ne ya kamata in kawo wa kwalbar. Likitan ya ce, "Yallaɓai, yaron da ke yini a rana daga shi sai ɗan kamfai? Tambayi mahaifiyarsa abin da yake ci." Aka tambaya. Koko da safe, tuwon masara da dare, ɗumame, wani lokaci dafaffen rogo. Nono fa? Tun da aka yaye shi, in ji ta, sai dai in an yi baƙo.

A nan ne ya ba ni labarin binciken Jos, wanda na je na nemo na karanta da kaina. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka kasa su uku: wasu aka yi musu allurar bitamin D kaɗai, wasu aka ba su kalsiyam kaɗai, wasu aka haɗa musu duka biyun, tsawon mako 24. Sakamakon ya fito a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine. Cikin waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai kashi 61 cikin ɗari sun kai matakin warkewar da aka sa a gaba, masu haɗin biyu kashi 58, masu bitamin D kaɗai kuwa kashi 19. Yaran suna samun kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana daga abincinsu, alhali kofi guda na madarar shanu yana ɗauke da kusan 300. Rana ba ta gaza musu ba. Tukunya ce ta gaza. Lalle ba duk yaron da ke cin irin wannan abinci ne ƙafarsa ke lanƙwashewa ba, jiki ya bambanta da jiki, kuma a yau likitoci sukan haɗa biyun wajen magani, kamar yadda aka yi wa ɗan ƙanena. Amma tushen matsalar a nan ƙasar ba shi ne na littattafan Turai ba.

Wannan ɓangaren kam fannina ne, kuma shi ya fi ba ni haushin kaina. Tarihin bitamin D tarihin biranen da rana ta yi wa rowa ne. A zamanin bunƙasar masana'antu, hayaƙin kwal da cunkoson gidaje sun sa ciwon ya cika unguwannin talakawa a Ingila da arewacin Turai. A 1919 Edward Mellanby ya nuna man hantar kifi yana warkar da shi a jikin ƴan kwikwiyo, a shekarar kuma Kurt Huldschinsky a Berlin ya warkar da yara da hasken wata fitila ta musamman, sannan a 1922 Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar sinadari ne dabam, aka kira shi D. Landan tana digiri 51 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa daga Oktoba zuwa Maris ranarsu ba ta da ƙarfin sa fata ta haɗa bitamin, hukumar lafiyarsu ta ce kowa ya sha IU 400 a wannan lokaci. Kano tana digiri 12. Wannan shi nake koyar wa ƴan aji ɗaya kowace shekara. Na ɗauko maganin hunturun Landan na kai wa matar da ke shanya barkono a tsakar gida da tsakar rana.

Kada a fahimce ni a karkace. Ana samun ƙarancin bitamin D a ƙasashenmu. Wani nazari da ya tattara bincike-binciken Afirka, wanda ya fito a 2020, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da ma'aunin da ake so, kuma abin ya fi yawa a birane da tsakanin mata da jarirai. Baƙar fata tana bukatar daɗewa a rana fiye da fara, gilashin taga da na mota kuma suna tare irin hasken da ke yin aikin. Saboda haka in akwai wanda ya dace a tuhuma a zuriyarmu, ni ne, mai fita daga ɗaki zuwa mota zuwa ofis. Haka matan da ke zaune a sababbin gidajen da muke ginawa yanzu. Gidan gargajiya, ko da kulle, tsakar gidansa a buɗe take ga sararin sama, a nan ake daka da wanki da girki. Mu ƴan boko muka zo muka rufe ta da kwano, muka sa labule mai kauri, muka kira shi ci gaba. Mai ciki, da jariri mai shan mama, da tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaka, waɗannan likita zai iya rubuta musu, kuma in ya rubuta a sha. Ga mai lafiya kuwa, babban gwajin da aka yi a Amurka kan mutum 25,871, ana ba rabinsu IU 2,000 kullum sama da shekara biyar, bai nuna raguwar kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba a rahoton 2018, bai kuma nuna raguwar karaya ba a na 2022.

Tambayar da ta fi damuna ita ce yadda nono ya ɓace daga kwanon yaro a ƙasar Ƙaraye da Rogo. Muna yara, fura da nono ba abin marmari ba ne. Kafin azahar za ka ji sallamar ƴan Fulani da ƙwarya a ka, a ba su hatsi su zuba maka. Gonaki sun cinye burtali, satar shanu ta tashi rugage da dama, abin da ya rage kuma ya yi tsadar da magidanci mai ƴaƴa bakwai ba ya kallonsa. Masara ta mamaye tukunya, ita kuwa kalsiyam ɗinta kaɗan ne, dusar hatsi ma tana riƙe wanda ke akwai ta hana hanji ɗauka. Duk da haka ba a rasa mafita a kusa ba. Ganyen kuka da zogale da riɗi suna da kalsiyam. Ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasarmu, ga ƙananan busassun kifi a kasuwa waɗanda ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Masu binciken Jos ɗin ma sun gwada garin kifi a kan yara, ya kuma yi aiki. Kuɗin kwalabena uku da sun sayi nonon watanni.

Yaron ya sha magani wata shida, uwarsa ta riƙe kofin kindirmo kullum kamar farilla, ƙanena ya sayar da buhun masara biyu saboda haka ba tare da ya yi mita ba. Ƙafar dama ta miƙe sarai. Ta hagu, in ka lura da kyau yana gudu, da ɗan saura. Yanzu yana firamare.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, kwalbar ma ta wanke ta tana ajiye irin yakuwa a ciki. Zuwana na bayan nan, ina zaune a ƙofar ɗakinta wata maƙwabciya ta shigo da kwalba irin waccan, ɗanta ne ya aiko mata daga Saudiyya, tana so Dakta ya duba. Kafin in buɗe baki Inna ta karɓe ta, ta ɗaga ta saitin haske kamar mai iya karatu, ta mayar mata.

"Ki kai asibiti a auna jininki tukuna," in ji ta. "Shi wannan Daktan na taswira ne."