Zuwa ga Autana da ke Gusau

Auta,

Mu nan Rawayya lafiya lau, an yanke gero, dawa muke jira. Innarka ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana fita da keken nan da sassafe ba ka karya ba.

Labari ya iso mana cewa kun yi sa-in-sa da wani fasinja a kan canjin naira ɗari, har ya ci kwalarka, kai ma ka ci tasa, sai da jama'a suka raba. Tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Na san kayana. Tun kana makarantar allo, in aka taɓa maka tawada sai ka cika ka batse, ka ƙi tuwon dare.

Wata shekara na kai wake kasuwar Tsafe, buhuna ya gogi wani mutum. Ya juyo ya zage ni ta uwa ta uba, hannunsa ɗaya a cikin riga. Zuciya ta taso mini har wuya. Na sauke buhun, na ce, "Malam, ka fi ni gaskiya, ban gan ka ba. Don Allah ka yi haƙuri." Ya tsaya yana huci, ya rasa abin kamawa. Can sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce a satin nan aka kore masa shanu kaf. Muka ƙare a inuwa ɗaya, na ɓara goro na miƙa masa rabi.

Gusau ta yanzu cike take da irinsa, mutanen da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Wanda ya hau kekenka, ba ka san abin da ya baro ba, ba ka san abin da ke aljihunsa ba. In ya ɗaga murya, kai ka sassauta taka. Kira shi Malam ko Baba, kada ka nuna shi da yatsa. In ya ƙi biya, bar masa. Ni zan biya ka ɗarin.

Ka tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako? Makonni ba mu ji muryarka ba, Innarka kullum tana zaure tana tambayar masu dawowa daga birni. Ba na son ta sake wannan zaman saboda canji.

In za ka zo Juma'a, ka taso da wuri, kada magariba ta same ka a hanya. An ajiye maka daddawa da kuka.

Mahaifinka