Allon bistro da littafin bashin mai shayi

Baƙon da ya sauka a tashar Batsari ko ta Safana ya tambayi inda zai ci abinci, da wuya a nuna masa gini mai allon suna. Sunan mutum za a ambata masa. A ce ya je wurin wance, tuwonta ba ya kwana, ko kuwa ya dakata zuwa magariba, wane zai hura wuta. A waɗannan garuruwa abinci yana da mai shi, kuma mutuncin mai shi ne jinginar ingancinsa. Wannan tsari yana da ɗan'uwa a Faransa, wato ƙaramin gidan abincin unguwa da ake kira bistro, kuma kwatanta su biyun yana bayyana abin da yammacin Katsina ke gab da rasawa.

Wani malamin gona, haifaffen ƙasar Safana da ya daɗe yana aiki a ƙauyukan Batsari, ya san su duka. Ya taɓa yin kwas na mako uku a Montpellier, birnin kudancin Faransa da ya yi suna da cibiyoyin binciken noma, kuma kusan kullum a wani bistro na kusa da masaukinsa yake cin abincin rana. Tebura ba su wuce goma sha biyu ba. Miji yana kicin, matar tana tsakanin tebura. Babu doguwar takardar jerin abinci, sai baƙin allo a jikin bango da aka rubuta abincin ranar da alli: abin buɗe baki iri biyu, babban abinci iri uku, kayan zaƙi iri biyu. In wani ya ƙare, sai matar ta sa tsumma ta goge shi.

Da yake ba ya cin naman alade, ba ya shan giya, kuma bai san yadda aka yanka sauran naman ba, sai ya tsaya ga kifi da ƙwai da kayan lambu. Ya ci gasasshen kifi da man shanu da lemun tsami. Ya ci dahuwar yalo da tumatir da tattasai cikin man zaitun. Ya ci kirɓaɓɓen kifin gishiri wanda garin Nîmes na kusa ya shahara da shi. Babu wanda ya kai yajin da harshensa ya saba, amma kowanne yana da ɗanɗanon abin da aka sayo da safe aka dafa da hantsi. Burodi da tulun ruwa suna zuwa ba tare da ƙarin kuɗi ba, domin a Faransa suna cikin farashin abincin, haka ma ladan mai hidima.

Hidimar ce ta fi ɗaukar hankalinsa. Matar ba ta yawan murmushi, ba ta kuma zagayowa tana tambayar ko abinci ya yi daɗi. Ba ta kawo takardar kuɗi sai an nema, don a al'adarsu kawo ta tun ba a tambaya ba tamkar kora ce. Ƙarfe biyu na yi kicin ya rufe, ko wane ne ya zo sai ya jira dare. Ran nan ya makara da minti ashirin, aka sallame shi da burodi da cuku. Amma zuwa rana ta huɗu matar ta riga ta san shi. Kafin ya zauna za ta je gaban allo ta nuna masa da yatsa abin da aka dafa da giya ko kitsen alade, ta girgiza kai. Bai taɓa maimaita bayaninsa ba.

Daga ga-ruwa zuwa tebur

Asalin bistro na talakawa ne, kuma na 'yan ci-rani. A ƙarni na 19 mutanen tsaunukan Auvergne da Aveyron, inda ƙasa ba ta ciyar da masu ita, suka riƙa kwarara zuwa Paris. Da yawa sun fara da ga-ruwa, suna hawa benaye da bokitai. Da famfo ya shiga gidaje sai suka koma sayar da gawayi da itace, suka ajiye tebur a gefen shago ana sayar da giya da kofi, daga baya matan suka ƙara da tukunyar abinci. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa sunan ya fito ne daga sojojin Rasha da suka shiga Paris a 1814 suna kiran a yi sauri da harshensu, sai dai masana harshe ba su gamsu ba, tun da kalmar ba ta bayyana a rubuce ba sai 1884.

Duk Bakatsinen da ya ji wannan tarihi zai gane shi. Haka matasan arewa da na Nijar suka bazu a Legas da Abuja da Fatakwal, wasu da kurar ruwa, wasu da tebur da tukunyar shayi. Har a harshe akwai kama. Kalmar da Faransawa ke kiran allon abinci da ita, ardoise, ita ce kuma suke kiran bashin da abokin ciniki ya tara a shago, domin a kan allon ake rubuta shi a da. Mai shayin Batsari yana da nasa, tsohon littafin makaranta da maiƙo ya ɓata gefensa, inda sunan malamin firamare da na ɗan acaɓa ke jiran ƙarshen wata ko ranar kasuwa.

Abin da ya iso wannan yanki na girkin Faransa ta Maraɗi ya biyo. Wanda ya bi ta Jibiya ya ƙetare iyaka a Magama ya nufi Ɗan Isa zai fara ganin dogon burodi mai ɓawo, irin wanda UNESCO ta sa sana'ar yin sa cikin al'adun gado na duniya a 2022, ana tsaga shi a cusa wainar ƙwai, a haɗa da kofi da madara. A wannan gefen kuwa burodi mai laushi ne, da Lipton da Peak da Indomie. Kayan sun bambanta, zaman ɗaya ne: benci, fitila, rediyo, da mutumin da ya san wanda ke son sukari cokali uku da wanda likita ya hana.

Inda inganci ke fitowa

Sirrin allon bistro shi ne gajartarsa. Mai dafa abu uku yana iya sayo su sabbi ya sayar da su duka a yini. Da gidajen abinci suka yawaita ɗumama abincin masana'anta suna miƙa shi kamar nasu, sai Faransa ta kafa doka a 2014 da ta tanadi tambari na musamman ga abin da aka dafa a wurin daga ɗanyen kaya. Mai tuwo a Safana ba ta buƙatar tambari, don tukunyarta a gaban mai saye take. Tuwon dawa ne da miyar kuka, wani lokaci kuɓewa, da ɗigon man shanu a kai. In ta ga abokin ciniki ya side kwano sai ta ce, "Malam, kawo a yi maka gyara," shi kuma ya ce, "Allah ya saka, Inna." Wannan gyara ita ce tata hidimar.

Sai dai ingancin kwanon nan ya dogara ga mutanen da ba a gani a rumfar. Akwai manomin da ya kawo dawa, da matar da ta yi daddawa, da Bafulatanar da ta tako daga ruga da nono da man shanu, da mahaucin da ya sayo akuya a kara, da mai itacen da ya shiga daji. Kusan dukkansu hanyarsu tana gogar dajin Rugu, wanda ya shimfiɗu a yammacin waɗannan ƙananan hukumomi har iyakar Zamfara. Nan ne 'yan bindiga suka yi sansani.

A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ciki har da Batsari da Safana, ta hana manyan motoci ɗebo itace daga daji, sannan aka katse layukan waya na tsawon watanni. An ɗauki matakan ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samu, amma a rumfar mai tuwo da teburin mai tsire sun zama tsadar nama da ƙarancin makamashi. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin sufuri ya hau kan sukari da fulawa da madara. Shayi ya ƙara ruwa, malmala ta ƙanƙance, littafin bashi ya yi kauri da sunayen mutanen da suka baro ƙauyukansu suka fake a gari.

Malamin gonan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne lokaci. Mai shayin da yake zama wurinsa a Batsari a da yakan kai sha ɗayan dare. A shekarun da abin ya yi tsanani ana idar da isha'i yake fara tattara kofuna, yana cewa, "Malam, shanye ka kama hanya, dare ba namu ba ne yanzu." Kuma a wannan benci ne yake samun rabin aikinsa. A can ya fara jin cewa wata baƙuwar tsutsa tana cin zuciyar masara, tun kafin takarda ta zo daga ofis game da kwaron da ya ɓulla a Nijeriya a 2016. A can manomi da makiyayi ke zama kafaɗa da kafaɗa, ɓarnar da shanu suka yi da rana a sasanta ta kafin shayi ya huce. Da bencin ya rage cika, irin wannan sulhu na kofi ɗaya ya rage faruwa, ƙananan maganganu suka riƙa girma a ɓoye.

Faransa ma tana asarar nata. Wajen 1960 tana da irin waɗannan wurare kimanin 200,000, yanzu ba su kai 40,000 ba. Talabijin da mota da manyan kantuna da ƙaurar matasa daga karkara suka cinye su sannu a hankali, har wasu ƙauyuka suna haɗa kuɗi su sake buɗe nasu, saboda sun lura garin da ba shi da wurin zama mutanensa sun daina sanin juna. Su zamani ne ya rufe musu ƙofa cikin shekara sittin. A Batsari da Safana tsoro ne ya yi wannan aiki cikin shekaru kaɗan.

Tun daga lokacin an kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023, an kuma yi zaman sulhu a 2025 a Jibiya da Batsari da Safana, mutane na ta muhawara kan ko zai ɗore. Jami'ai suna auna nasara da yawan hare-hare da adadin waɗanda aka sako, kuma ma'auni ne mai muhimmanci. Akwai wani da ya fi kusa da rayuwar yau da kullum, wanda kowane ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta zai iya dubawa ba tare da rahoto ba: ko Bafulatana ta dawo da ƙwaryar nono bakin kasuwa, ko mai tuwo ta koma ɗora tukunya ta biyu, da kuma ƙarfe nawa mai shayi ke kashe wutarsa.