A Mancesta, yaro ne ke gaba

Ruwan sama ne ya tarbe ni a Mancesta, sai kuma ɗan ƙanwata mai shekara bakwai, wanda ko kallona bai yi ba. Na miƙa masa hannu, ya kewaye ni ya koma kan jiragen ƙasansa na wasa, irin masu launin ruwan ɗorawa da ke ratsa titunan garin. Raina ya ɗan sosu. Kawu guda, tun daga Kano!

Likitoci sun ce yana da otizim, wanda a gida muke jefawa cikin buhun "galahanga" tare da lalurori barkatai, ga kuma ADHD, wato ƙiriniya da kasa tsayar da hankali wuri guda. Kafin 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi bai yarda a ce mutum ɗaya na da su biyun ba.

Ranar Laraba na raka su wurin mai koyar da magana. Na zaci zan ga allo da tsawa. Ashe uwar ce ɗaliba. Aka ɗauke su bidiyo suna wasa a ƙasa, sannan matar ta zauna da ƙanwata suna kallo, tana tsayarwa jifa-jifa. "Me ya yi a nan?" Yaron ya ɗaga jirgi ya saci kallon uwarsa, ƙiftawar ido kawai, ita kuwa tana can tana tambayarsa launin taya. Magana ce ya yi mata, ta wuce ta.

Wannan hanya, PACT, a Jami'ar Mancesta aka raine ta, ƙarƙashin Farfesa Jonathan Green. An gwada ta da yara 152 masu shekara biyu zuwa huɗu. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2010 bai kai yadda aka yi fata ba, amma da aka waiwayi yaran daga baya, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna amfanin ya ɗore. Otizim aka auna a binciken, ba ADHD ba. Abin da na gani da idona dai shi ne yaron da ba ya minti biyu kan kujera ya shafe rabin awa yana jera tashoshi daga Bury zuwa Altrincham, bai tsallake ko ɗaya ba.

Da dare na zauna kusa da shi, na fara: "Wannan mene ne sunansa?"

"Yaya, don Allah ka yi shiru," in ji ƙanwata. "Ka yi abin da yake yi."

Girma ya faɗi. Na ɗauki jirgi ɗaya, na tura a bayan nasa, gwiwoyina na ƙara. Mun jima a haka. Can sai ya tsayar da nasa, ya kama hannuna ya mayar da jirgina baya, don na wuce tasha ban tsaya ba.