Bidon Sabulu da Ƙunshin Baba Mai Wanki

A unguwar Zariya ta birnin Maraɗi akwai wata unguwarzoma da ta share shekara 20 tana karɓar haihuwa, ta kuma share kusan dukan waɗannan shekaru tana haɗa ƙunshin wanki kowace ranar Asabar. Da hantsi wani dattijo yakan yi sallama a ƙofar gida, a shimfiɗa tsohon zane a tsakar gida, a ƙirga riguna da zannuwa da kayan lakwal na yara a gabansa, ya ƙulle ya aza bisa keke. Ranar Talata sai ya dawo da su a ninke, da sauran ɗumin dutsen guga na gawayi a jikinsu. Ba mai kiran sunansa a gidan. Babba da yaro Baba mai wanki suke ce masa. Shi ya wanke zanen goyon ɗiyarta ta fari, shi ya wanke rigar da yarinyar ta sa ranar da ta shiga lise.

A shekarar 2022 unguwarzoma ta kwashi adashi, ta cika da abin da ta daɗe tana tarawa, ta sayi injin wanki mai ƙofar gilashi a gaba. Tana da hujja. Farar rigar aikinta ba ta iya jiran Asabar, kullum da dare ita ke duƙawa a kan bahon roba tana cuɗa ta, ga shi bayanta ya fara yi mata gargaɗi. Abin da ya yi mata nauyi shi ne sanar da dattijon. Ta ƙara masa wani abu a kan ladansa na ƙarshe, ta yi ta kewaye-kewaye, har shi da kansa ya raba ta da wahala. Ya ce, "Na ga kwalin a zaure, ɗiyata. Allah shi sa albarka. Ƙarfe ba ya ciwon baya." Ya tura kekensa ba ƙunshi.

Wankin farko ya zama abin dariya a gidan. Ta zuba omo irin wanda aka saba jiƙa kaya da shi, ta ƙara don ta ga injin babba ne. Ba a yi minti goma ba gilashin ya rufe da fari, kumfa ta biyo ta ɗan akwatin zuba sabulu ta malalo ƙasa, yara suna tsalle a ciki. Da aka fitar da kayan, santsin sabulu bai bar su ba, dattin wuyan riguna kuma yana nan inda yake.

Dalilin ba boyayye ba ne. Injin wanki na gida iri biyu ne aka fi gani a kasuwannin Nijar. Akwai mai rijiya biyu, wanda ake cika wa ruwa da bokiti, ɗaya ta wanke ɗaya ta matse. Shi wannan ruwa mai yawa yake ci, kuma kowane omo aka ba shi yana karɓa. Akwai kuma mai ƙofa a gaba, wanda ruwa kaɗan yake sha, ya ɗaga tufafi sama ya sako su ƙasa, faɗuwar nan ita ce cuɗarsa. In kumfa ta cika cikinsa sai ta zama matashi, kayan su riƙa faɗowa a kan taushi, ba abin da zai fita. Omon wankin hannu kuwa da gangan ake sa shi yin kumfa, domin idon mai saye ya saba auna ƙarfin sabulu da ita. Abin da injinta ke bukata shi ne sabulu mai ƙarancin kumfa.

Da ta je wani babban kanti neman irinsa, yaron kanti bai tsaya dogon bayani ba, ya sauko mata da bido na sabulun ruwa daga Faransa, ya buɗe murfin ya miƙa mata. Ƙamshin da ya bugi hancinta ta san shi. Shi ne ke tashi daga mayafan matan da ke zuwa buki daga Yamai, shi ne ke fita daga akwatin ƴar'uwarta duk lokacin da ta zo hutu daga Turai. Kuɗin bidon ya zarce abin da take ba Baba mai wanki a wata guda. Ta biya ba ta nemi ragi ba.

Maigidanta akawu ne a wani ofishin gwamnati, mutum ne da ba ya barin takardar sayayya ta wuce shi bai karanta ba. Da ya ga farashin sai ya cire tabarau ya ajiye. Yana cikin waɗanda suka fara aiki gab da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ya ƙetaro teku ya yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa yana zaune. Tun daga nan yake kallon kayan waje da idon tuhuma. Ya lissafa mata a bayan ambulan: Yuro ɗaya sefa 656 ne, in an cike, abin da ke Yuro 10 a kantin Faransa ya kai sefa 6,560 tun bai hau jirgin ruwa ba. Daga nan sai kuɗin jirgi, da na tashar ruwa, da na babbar motar da za ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga bakin teku, da na duwan, da ribar hannu uku ko huɗu. Ya ce, "Hajiya, rabin kuɗin nan hanya kika biya, kuma mafi yawan abin da aka yi dakonsa ruwa ne." Ta ce, "Alhaji, arha ba ta ado." Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ɗiyarsu ce ta shiga tsakani, ita da ke ajin ƙarshe na lise a fannin kimiyya. Ta ɗauki bidon ta zauna ta karanta ƙananan rubutun Faransanci da ke bayansa, ta haɗa da abin da ta koya a aji, ta warware wa iyayenta. Kowane sabulun wanki, mai tsada da mai arha, ginshiƙinsa ɗaya ne: wani sinadari mai kai biyu, kai ɗaya yana kama maiƙo, ɗayan yana kama ruwa, sai ya ciro datti daga zare ruwa ya tafi da shi. Ana ƙara masa wasu abubuwan da ke tausasa ruwa mai gauraye da sinadarin farar ƙasa, don kada ya kashe ƙarfin sabulun. Wannan duka tsohon ilimi ne. Tun 1907 kamfanin Henkel na Jamus ya fitar da garin Persil. Inda mai tsada ya fi ba da rata shi ne wajen abin da ake kira anzim, wato wasu sinadarai ƴan'uwan waɗanda ke narkar da abinci a cikin ɗan Adam. Wani Bajamushe, Otto Röhm, ya fara sa su a maganin wanki a 1913, amma sai a shekarun 1960 suka bazu. Akwai mai cin tabon jini da ƙwai da madara, akwai mai cin sitaci irin na kunu da tuwo, akwai mai cin mai. Suna aiki sosai a ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 40, zafi mai yawa kuma yana kashe su.

Yarinyar ta ƙara da abin da ya sa uban ya gyara zama. An tsara wannan sabulu ne don gidan da ake wanki da ruwan sanyi saboda tsadar wuta, ake kuma shanya a cikin ɗaki saboda rana ba ta fitowa, shi ya sa aka cika shi da turare mai daɗewa da zai rufe warin danshi. A Maraɗi kuwa, riga ba ta awa biyu a kan igiya ta bushe ƙamas, hasken rana ya ƙara mata fari, ya kashe ƙwayoyin cuta da yawa, duk a kyauta. Sannan sabulun ruwa ba ya ɗauke da sinadarin farantawa mai iskar oksijan da ake sa wa a garin wankin inji, domin ba ya zama lafiya a cikin ruwa. Saboda haka, ga fararen kaya, sau da yawa gari ya fi shi. A ƙarshe ta nuna wa uwar jadawalin awo da ke jikin bidon: murfi ɗaya aka ce, ita kuwa biyu take zubawa, wani lokaci har da ƙari don ƙamshi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Akawu ya kawo shawara, aka sayo garin wankin inji mai ƙarancin kumfa, irin wanda ke shigowa daga Najeriya ta hanyar Katsina, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na bidon ba. Mako huɗu ana raba kaya gida biyu. A kan zannuwan gado da tawul da kayan zaman gida, waɗanda dattinsu ƙurar hunturu ce da gumi, ba wanda ya iya bambance wankin wannan da na wancan sai da hanci. Wannan kuwa shi ne mafi yawan wankin gidan. A kan rigunan lakwal na ƙaramin yaro, masu tabon miya da man ƙuli, bidon ya ɗan yi gaba, amma in an shafa sabulun sanda a kan tabon aka jiƙa shi rabin awa, ratar takan rufe. Wuri ɗaya ne bidon ya ci kuɗinsa ba gardama: rigar aiki mai tabon jini. Nan ma sai da unguwarzoma ta tuna da abin da ta sani tun tana ɗaliba, cewa ruwan zafi dafa jini yake yi ya manne a zare, ruwan tankin da ke bisa rufi kuwa da azahar ɗin bazara ya kusa isa haɗa shayi. Sai ta koma ɗauraye tabon da ruwan randa kafin ta sa a inji.

Ana cikin haka ta yi kuskuren da ya fi kowanne tsada. Sallah ta gabato, ta jefa babbar rigar shaddar maigidan a inji, ta zuba murfi biyu don ta faranta masa. Rigar ta fito da ƙamshi, amma ƙyallin nan da ke sa shadda ta amsa sunanta ya dushe, jikinta ya saki, zaren aikin wuya ya yi gashi-gashi. Shadda ba ta son dogon juyi da matsa. Wanki take so na lallashi, a sa mata sitaci ko ƙaro, a kai ta wurin masu bugu su dawo mata da sheƙi a kan gungume. Akawu ya ɗaga rigar a rana ya duba gaba da baya, ya ninke ta, bai ce komai ba. Shirun ya fi mata faɗa ciwo.

Sai kuma ga shekarar 2023. Bayan juyin mulkin watan Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, a watan Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda Maraɗi ke samu ta layin Katsina. Ba a maido ta ba sai a farkon 2024. Kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Bidon ya yi wuyar gani a kanti, inda aka gan shi kuma farashinsa ya ƙara nisa. Injin ya zauna a lungu an lulluɓe shi da zane. Ranar da kuran ya zo a tsakar dare, sai a tashi a kunna shi, ya ɗauke ana tsakiyar ɗauraya, ƙofa ta kulle da kaya a ciki har gari ya waye.

Ta yi kwanaki tana jin nauyin aika yaro, daga bisani ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Ta iske dattijon a ƙarƙashin rumfarsa yana hura gawayin guga. Ya rame kaɗan, ƙunshin da ke gefensa biyu ne kacal, inda a da sai an tsallake su. Ba ita kaɗai ta sayi inji a unguwar ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance rigar shaddar ta miƙa masa. Ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai ta hanci ya shaƙa. Ya ce, "Ƙamshi kam akwai, ɗiyata. Amma mi ta yi maku kuka yi mata wannan duka?" Ta yi dariya, idonta ya cika da ƙwalla. A nan ne, tana durƙushe gaban mutumin da ta sallama, ta yarda a ranta da abin da ba ta taɓa faɗa wa mijinta ba: ranar da yaron kanti ya buɗe mata murfi, ba tabon jini ta tuna ba, matan buki ta tuna.

Rigar ta dawo bayan kwana biyar. Ba ta koma sabuwa ba, amma ta yi sheƙin da za a iya shiga masallacin Idi da ita ba kunya.

Yau wankin gidan kashi uku ne. Zannuwan gado da tawul da kayan yara na inji ne, da garin nan mai ƙarancin kumfa, a auna shi da cokalinsa, daidai ruwa daidai tsaki. Bido ɗaya yana can a saman kanta, ba mai taɓa shi sai ita, murfi guda ga fararen rigunan aiki. Yakan yi mata watanni, kuma akawu ya daina ambatonsa. Shadda da huluna da mayafai masu aiki sun koma ƙunshin Asabar. Ƙunshin bai kai rabin na da ba, sai dai ladan da take bayarwa bai ragu ba, domin ta lissafa ta ga rarar da ta samu daga barin sayen bido kowane wata ta isa ta cike shi. Wannan lissafin ba ta nuna wa kowa ba. Baba mai wanki ya ƙirga kuɗin ranar farko, ya dube ta, ya sake ƙirgawa, sannan ya sa a aljihu ya ce a gaida Alhaji.